Hanyar Gwanja da abin da ta yi wa jakunkunanmu

Wanda bai taɓa sakin kwalta ba, idan ya je sayen jakar tafiya abin da yake fara tambaya shi ne, ruwa na shiga? Mu mutanen Kumasi muna da uzuri, garinmu ne hadari ke haɗuwa bayan azahar ya zuba kafin la'asar ba sallama. Amma da zarar ka haye tafkin Volta ka taka ƙasar Gwanja a ƙarshen hunturu, ruwa ba ya cikin lissafinka. Abin da ke cin kaya a can ƙura ce da gargada, kuma ba ta tsakiya suke cin jaka ba. Ta baki suke farawa, sai hannu, sai gindi.

Mu huɗu ne a motar. Alhaji, abokina tun makarantar allo a Aboabo, shi ne mai tsohuwar Land Cruiser ɗin da ya saya a hannun wani ɗan katako. Sai Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin sitiyarin babbar mota yana kai goro Legas da Sakkwato. Sai ƙanena da ke karatu a jami'ar Kwame Nkrumah, mai kyamara da yawan bayani. Sai ni da ke sayar da kayan gyaran mota a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi. Niyyarmu mu bi tsohuwar hanyar fatake ta Mampong da Ejura da Atebubu, mu haye ruwa a Yeji, mu ga Salaga da idonmu, daga nan mu karkata yamma zuwa gandun dajin Mole. Ba otal a shirin. Tanti biyu, tabarmi, gidan sauro, tukunyar gas, inda dare ya yi mana kuma masu gari suka yarda, nan ne masauki.

Tun tafiya na nesa Kawu ya ce kowa ya kawo abin da zai zuba kayansa a ciki ya gani, wai ba a fafe gora ranar tafiya. Aka jibge su a tsakar gida. Ƙanena ya fito da wata doguwar baƙar jaka da ya yi oda ta intanet, zif daga wannan kai zuwa wancan, da 'yar takarda a jiki mai cewa 1000D. Ya zauna ya karantar da mu: lambar nan kaurin zaren da aka saƙa yadin ne, mai 500 ya fi rashin nauyi, mai 1000 ya fi jure gogayya. Gaskiya ya faɗa. Kawu dai bai ko kalli yadin ba. Ya kama zif ɗin ya ja ya mayar, ya kifar da jakar ya dubi inda hannun ya ƙare.

"Yadin kam har 'ya'yanka sa gada," in ji shi. "Bakin ne ban yarda da shi ba."

Alhaji kuwa Hajiyarsa ta shirya masa wata jakar Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, mai aljihu barkatai, da Gana-mas-go guda biyu, jakar nan mai ratsin ja da shuɗi da ta yi suna tun 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya mutanenmu suka dawo gida da tarkacensu a cikinta. Na ɗauka Kawu zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce bargo da filo da tabarmar roba ba su da wata jaka da ta fi ta, muddin a cikin mota za ta zauna. Rana ce abokiyar gabarta, tana busar da robar da aka saƙa ta har ta riƙa marmashewa a hannu, iska ta ƙarasa sauran.

Sauran kayan, in ji shi, a je Magazin a ɗinka.

Bayan shagona akwai wani dattijo da kowa ke kira Masta, aikinsa ɗinkin tamfol na manyan motoci da rigunan kujeru. Na sha wuce shi ban taɓa tsayawa na kalli hannunsa ba sai wannan karon. Magazin gari ce a cikin gari, dubban makanikai da masu walda da masu fenti da masu ƙera bodin mota, Twi da Hausa a cakuɗe, ba abin da ake yarwa a cikinta. Da na yi masa bayanin abin da muke so sai ya jawo wani tsohon tamfol ɗin gwanjo daga ƙarƙashin teburi, ya lanƙwasa kusurwarsa ya danne da farce. Farin layi ya fito a wurin.

"Ka gani? Wannan ya mutu. Man jikinsa ya ƙone. Yau ka ɗinka, gobe ya tsage a kan lanƙwasar."

Ya gwada wani, ya shafa bayan hannu a kai, ya ce shi ma a'a, yana danƙo, ƙura za ta manne masa. Daga ƙarshe muka tsaya a kan sabon tamfol irin na rufin tirela, mai zaren roba a tsakiya da leda a fuska biyu, wanda murabba'in mita guda nasa ke kai giram 600 zuwa sama. Kalar ƙasa ya zaɓar mana. Ni shuɗi na so, ya girgiza kai bai ba da dalili ba, dalilin sai a Mole na gan shi.

Yankan ne ya fara burge ni. Bai yanka gindi daban da gefe daban ba. Falle ɗaya ya yanka mai tsawo, ya tanƙwara shi ya zama gindi da gefe biyu, don kada ɗinki ko ɗaya ya kwanta a ƙasa inda nauyi ke danna shi. Ya ƙara wani falle daga waje ya ninka gindin. Hannu kuwa ya aiki yaronsa wajen masu fasa motocin da suka yi hatsari ya sayo bel ɗin kujera, wanda aka yi shi don ya riƙe ƙaton mutum a lokacin karo, balle shinkafa da tukunya. Bel ɗin bai tsaya a bakin jaka ba, ya zagaya ta ƙarƙashi ya fito ta ɗaya gefen, saboda in ka ɗaga, bel ne ke ɗauke da kayan, tamfol rufi ne kawai. Inda hannun ya rabu da jiki ya ɗinka murabba'i ya ratsa shi da gicciye. Ya buɗa tazarar allurar kekensa, ya ce tamfol ba atamfa ba ce, in ka matse ɗinki ka jera masa ramuka kusa da kusa, kai da kanka ka shata masa hanyar yagewa. Zare ma ya ƙi na auduga, damshi na ruɓar da shi. Na roba mai kauri ya sa, irin wanda rana ba ta saurin ci.

Da aka zo baki, nan shi da Kawu suka daidaita ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. Jakunkunan tufafi da na shimfiɗa duk ba zif. Ya bar musu dogon wuya da 'yar roba mai tauri a leɓe, ka haɗe leɓen, ka naɗe sau uku, ka maƙale kan biyu da ƙugiya. Ta kayan girki kaɗai aka sa wa zif, tunda ita a wangale ake son ta: lamba 10, mai manyan haƙoran roba, da kai biyu, da murfi mai faɗin tafin hannu da ke kwanciya a kansa. Ya nuna mini YKK, sunan kamfanin da ke yin zif, a jikin kan zif ɗin, ya kuma ce kada rubutu ya ruɗe ni, kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan. Na gaske in ka ja shi yana tafiya sumul, ƙarfen kan kuma ba ya lanƙwasuwa tsakanin yatsu. Ramukan allura, da ya san ruwa na bi, ya bi su ta ciki da gam da siririn tamfol ya toshe. A gefe ya ɗinka kunnuwa na bel inda igiya za ta ratsa.

Da na tambayi kuɗi sai ya faɗa mini da miliyoyi, lissafin dattawan da har yau ba su karɓi cewa an yanke wa sidi, kuɗin Ghana, sifili huɗu a 2007 ba. Da na mayar da shi kuɗin yanzu, duka jakunkunan ba su kai farashin baƙar jakar ƙanena ba. Ban faɗa wa ƙanen nawa ba a ranar, don a zauna lafiya.

Lodi Kawu ne ya yi shi, mu 'yan miƙo ne. Dokarsa ta farko, ba jakar da mutum ɗaya ba zai iya ɗagawa sama da kansa ba, shi ya sa ya hana Masta yin manya. Ta biyu, nauyi ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Alhaji ya so a jera galan-galan ɗin ruwa, waɗanda ake kira na Kufuor, a kan keriya don a sami wurin miƙe ƙafa. Kawu ya yi masa lissafi a tsaye: litar ruwa kilo guda ce, galan mai lita 25 kilo 25 ke nan, huɗu sun zama kilo 100 a saman motar da dama doguwa ce, ban da nauyin ƙarfen keriyar kanta.

"Alhaji, motarka ce. Amma in za ka ɗora ruwa a ka, ni a sauke ni a Mamponteng."

Ruwa ya koma bayan kujera. Man ajiya aka ware shi nesa da abinci. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure, ba a cikin jaka ba. Sifanu da filaya a naɗe cikin yadin kambas mai aljihu ɗaiɗai don kada su yi ta dukan juna. Garin tuwo da shinkafa da garin rogo da sukari da shito, soyayyen yajin nan namu, suka shiga wata shuɗiyar durom ta roba mai murfi da zoben ƙarfe. Igiyar jan mota da shebur da famfon iska su aka sa daga ƙarshe, a bakin ƙofa, don ranar da mota ta kafe ba ranar sauke kaya ba ce. Sama aka bar wa marasa nauyi, tanti da jakunkunan Masta. Ƙanena ya dage sai baƙar jakarsa ta hau sama, ai don haka aka yi ta. Gana-mas-go guda ita ma ta hau, wuri ya ƙare a ciki.

A hawan dutsen Mampong, inda hanya ke murɗawa tana komawa, na ji motar na jingina a kowace kwana, na yi shiru ina tuna galan huɗun nan. Ejura masara, Atebubu doya tsibi-tsibi a bakin titi. A Prang muka tsaya salla, garin da Maulidin Shehu Abdullahi Maikano ke tara jama'a duk shekara, Hausa a bakin kowa. Daga Kumasi zuwa Yeji ya haura kilomita 200, kuma duk wannan ba abin da ya sami jaka ko ɗaya. Kwalta ba ta gwada kaya.

Yeji warin bandar kifi ke tarbarka tun kafin ka ga ruwa. Tafkin nan bai kai shekarun Kawu ba, madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ce ta haife shi, kuma har yau kututturan itatuwan da ya haɗiye na tsaye a ciki, su ne abin tsoron masu kwalekwale. Jiran jirgin fito ya ba ni damar kallon yadda matan kasuwa ke ɗaure nasu kayan. Kwando, takardar siminti a ciki, kifi a jere kai da wutsiya, raga a sama, igiya ta ratsa ta ƙarƙashi ta dawo. Dabarar Masta ce sak, sai dai su ba wanda ya koya musu a shago.

Daga Makango, inda jirgin ya sauke mu a ɗaya ketaren, muka fara sanin inda muke. A lokacin da muka bi, wuraren da kwalta ta mutu sun koma burji mai gargada, irin wadda in ka yi a hankali haƙoranka su kaɗa, in ka taka mota ta riƙa yawo da gindi. Jar ƙura ta tashi a bayanmu. Mutum zai zaci tunda baya take tafiya ba ruwansa da ita, alhali mota mai gudu tana barin wani rami na iska a bayanta, ƙurar ta juyo ta manne wa ƙofar but, ta bi duk inda robar ƙofa ta saki ta shige. Motar Alhaji kuwa robobinta sun ga shekaru. Kawu ya sa aka rufe tagogi aka kunna fanka tana jawo iskar waje ta gaba, don iskar ciki ta riƙa turawa waje. Ya rage, bai hana ba.

Da muka sauke kaya da yamma kowa ya ga sakamakonsa. Ƙurar laushinta kamar garin lalle da aka tankaɗe, ta bi haƙoran kowane zif ta shiga. Farar jallabiyar Alhaji da ke cikin jakar Kejetia ta fito da jan layi a kan kowace ninkewa. Jakunkunan naɗi kuwa waje ja wur, ciki tas. Kyamarar ƙanena ma ta tsira, tana cikin wani ɗan akwatin roba mai tauri da zoben roba a murfi, an rubuta IP67 a jiki. Ya ce shidan na nufin ƙura ba ta shiga sam, bakwan kuma zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita guda na rabin awa. Wannan akwatin ya ci kuɗinsa, ban musa ba. Amma na kyamara ne da waya da takardun mota. Wanda zai zuba bargo a irinsa kuɗi ne suka yi masa yawa.

Salaga ta ba ni wani iri. Garin da kakanninmu suka riƙa tafiyar watanni daga Kano da Katsina don su iso, yau ga shi shiru, babura da 'yan shaguna. Nan goron Asante ke haɗuwa da kanwa da fata da tufafin ƙasar Hausa, nan kuma aka yi cinikin bayi, rijiyoyin da aka haƙa birjik a garin suna nan ana nuna wa baƙo. Kasuwar ta fara raguwa bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 ya watsa sauran 'yan kasuwar zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Yeji da sauran zangon-zangon. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rayu a nan ya kuma rasu a Kete-Krachi a 1934, yana cikin waɗanda yaƙin ya tasa. Kawu ya tsaya a bakin wata rijiya yana ba ƙanena labarin yadda ake ɗaure goro: a jera shi cikin ganye, a yi huhu, a sa a waga a ɗora wa jaki, a kan hanya kuma a riƙa kwancewa ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, a yayyafa ruwa a sake ɗaurewa. Madugu ba ya tambayar ko waga za ta lalace, ya san za ta lalace. Abin da yake tabbatarwa shi ne akwai mai gyara ta a ayarin.

Ko rufe baki bai yi ba Alhaji ya finciko jakar Kejetia daga but, hannu ɗaya ya zo masa a hannu. A leɓen jakar kawai aka ɗinke shi, layi biyu, gargada ta yi ta tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kaya ya tsinke a gindin kaba, taku kaɗan daga inda muka tsaya wani mai gyaran takalma ne zaune da basillarsa. Ya sa guntun fata ta ciki da ta waje ya ɗinke hannun a tsakaninsu, kafin mu gama shan koko ya gama. Shi ne kuma ya ceci baƙar jakar, wadda tun safe zif ɗinta ke rufewa ta gaba yana buɗewa ta baya. Ya ce haƙoran lafiya suke, ƙura ce ta cinye cikin kan har ya buɗa. Ya goge haƙoran da tsohon buroshin haƙori, ya matse kan da filaya kaɗan ta kowane gefe, ya goga kyandir. Ƙanena ya ce ko a ɗiga baƙin mai?

"A'a ɗan'uwa, mai ƙura yake kira. Kyandir ko sabulu busasshe."

Ya ƙara da cewa gyaran na ɗan lokaci ne, kan da aka matse sau biyu na uku karyewa yake, kuma irin wannan kan ba a samunsa a Salaga. Wannan maganar ce ta tsaya mini. Jakar Masta in ta yage, duk garin da ke da mai facin taya ko mai ɗinkin takalmi an gama magana. Mai tsadar nan kuwa ranta na rataye ga wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba, wanda sai an aiko da shi daga wata ƙasa. A wurina ƙarko ba a rubutun jikin jaka yake ba, yana ga wa zai iya taɓa ta in ta sami matsala a inda kake.

Tamale mun ratsa ta ne kawai, muka cika ruwa da mai, muka haye gadar Yapei, muka karya a Fufulso. A Busunu muka sake sakin kwalta muka nufi Daboya, garin masaƙa da marina a bakin Farin Volta, inda ake saƙa batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana. Hanyar nan ita ta nuna mana aikin gogayya. Duk abin da ke taɓa ƙarfe a cikin mota, in dai yana motsi ko kaɗan ne, ana gurza shi sau dubbai kafin azahar. Kan jak ya huda fallen waje na gindin jakar girki, ya tsaya a na biyu. Wani ɗan akwatin alminiyom da Alhaji ke ajiye magani a ciki ya baƙanta duk abin da ya jingina da shi. Muka yanka tsohon tub na taya muka shimfiɗa a duk inda jaka ke haɗuwa da ƙarfe, muka cusa tawul a tsakanin tukwane. Igiyoyin sama kuma kowace tsayawa sai Kawu ya zagaya ya ja su, don kaya masu laushi suna zama, igiyar da ta yi tsam da safe kafin hantsi ta saki. Bel mai maƙulli irin na 'yan tirela ya fi igiyar roba nesa ba kusa ba, sai dai shi ma in ka cika matsawa yana yanka jaka, kuma dole ya ratsa ta kunnuwan, ba wai ya hau ta kai kawai ba. Gana-mas-go ɗin da ke sama a wannan hanyar ta cika. Iska ta sami ɗan rami a kusurwa ta yi ta faɗaɗa shi, muka tsinci filon Alhaji a kan wata ƙaya.

Mun kwana a gefen wani ƙauye bayan mun gaida mai gari da goro, kamar yadda aka saba. Ƙasar kaɗanya da ɗorawa ce, ciyawa duk an ƙone. Kawu ya hana a bar komai a buɗe ko a ƙasa tsirara: takalmi a cikin jaka saboda kunama, kambas ɗin sifanu a kan taya saboda gara, wadda dare ɗaya ya ishe ta ta fara aiki a kan auduga. A duhu kuma na gode wa Masta da ya ɗinka wa kowace jaka ƙyalle mai launi daban a hannu. Da tocila kaɗai ka san ta shimfiɗa daga ta tufafi, ba sai ka kwance naɗi uku ka tarar ba ita ba ce. Wannan shi ne aibin jakar naɗi, in abin da kake nema yana gindi sai ka zazzage duka. Buta da sallaya da tocila da maganin sauro ba su da wurin zama a cikinta, wata 'yar buɗaɗɗiyar jaka muka rataya musu a bayan kujera.

A Larabanga muka tsaya kallon tsohon masallacin ƙasa mai itatuwa a jiki da kukarsa a gefe, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake. Daga nan ƙofar Mole ba nisa. Shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma a wannan lokaci na shekara ruwa ya janye, giwaye na saukowa tafkunan da ke ƙarƙashin tudun masauki, kana tsaye a sama kana kallonsu suna watsa wa bayansu laka. Gadu kuwa har gindin tanti suke kiwo a durƙushe.

Ma'aikacin gandun da ya nuna mana wurin kafa tanti ya gargaɗe mu da gwaggon biri tun kafin mu kashe mota. Ba mu daɗe ba wani ƙato ya sauko, bai yi wata-wata ba ya nufi jakar girki. Murfin ya ɗaga, kan zif ɗin ya kama, ya ja. Ya san zif sarai, baƙi sun koya masa. Burodi ya tafi da shi. Ya dawo kan shuɗiyar durom, ya kayar da ita, ya mirgina, ya ciji zoben ƙarfen, ya gaji ya bar ta. Daga ranar duk abin da ke da ƙamshi a durom yake kwana, durom kuma a cikin mota. Ba tamfol ba, ba 1000D ba, babu yadin da zai tsaya wa haƙorin nan in ya yi niyya.

Da muka fita zagaya da mota tare da ma'aikaci mai bindiga, sai ƙudan tsando suka yi mana rakiya. Na lura a kan durom da baƙar jakar suka fi taruwa, jakunkunan kalar ƙasa kuwa jefi-jefi. Ma'aikacin ya ce ai tsando shuɗi da baƙi yake bi, shi ya sa tarkon da ake kafa masa da waɗannan launuka ake yin sa. Ga kuma zafi. Watan Maris a arewacin Ghana rana ba ta wasa, baƙar jakar in ta wuni a sama ba ka iya ɗora mata tafin hannu, man kaɗen da ƙanena ya saya wa Inna a Tamale ya narke ya bi rigunansa.

A dawowa ta Buipe da Kintampo muka biyo, kwalta zalla. Muna dab da Techiman gabas ta yi baƙi, ruwan farkon shekara ya sauko da iska. Muka fake a wani gidan mai muka hau duba sama. Jakunkunan naɗi ba ɗigo, ban da guda da aka ɗaure bakinta na kallon gaba, iskar gudu ta tura ruwa cikin naɗin har ya jiƙa fallen farko. Kawu ya juya ta, baki baya, naɗi ƙasa. Baƙar jakar ta sha ta zif. Amma abin da ya fi damunmu daga ciki ya fito: Alhaji ya cusa jiƙaƙƙen tawul da rigar da ya wanke a Mole cikin jakar tufafinsa ya naɗe, da ya buɗe sai da muka ja da baya. Abin da ya hana ƙura shiga shi ya hana damshi fita, kuma a iskar kudu fumfuna ba ta jira. Kawu ya aiki ƙanena cikin kasuwar Techiman ya sayo buhun albasa, irin mai raga, aka zuba jiƙaƙƙun kaya da kambas ɗin tanti a ciki aka rataya a bayan kujera inda iska ke ratsawa. Mai albasar ta ƙi karɓar kuɗin buhun, sai da ya sayi albasa tukuna.